Shin Duniyoyin Wasannin Intanet Za Su Iya Haɗewa?

Wataƙila wannan abu ya taɓa faruwa da kai. Kai da abokinka kun sauke wasa iri ɗaya a wayoyinku. Kun shiga a lokaci ɗaya, kun yi alkawarin haɗuwa a bakin wata gada da ke cikin wasan. Ka isa gadar, ka tsaya, ka duba gabas ka duba yamma, ba ka gan shi ba. Ka kira shi a waya, ya rantse maka cewa yana tsaye a kan gadar. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinku. Gadar ce ta kasance guda biyu. Kowannenku yana cikin duniya dabam, ko da yake taswirarsu ɗaya, itatuwansu ɗaya, har tsuntsayen da ke shawagi a samansu iri ɗaya ne.

Daga nan tambaya takan taso. Me ya hana a haɗa waɗannan duniyoyi su zama ɗaya? Wasu ma sukan zarce da tambayar. Sukan ce, me ya hana a haɗa wasanni dabam-dabam, yadda mutum zai fita daga wani wasa da takobinsa da rigarsa, ya shiga wani da su, kamar matafiyin da ya bar Kano ya sauka Ibadan da jakarsa a hannu? Kafin ka iya amsawa, dole ka fara sanin abin da ake nufi da kalmar “duniya” a wajen masu wasa.

Ina duniyar take?

Duniyar wasa ba a cikin wayarka take ba. Abin da wayarka take yi shi ne zana hotuna da fitar da sauti, sannan ta aika da saƙo duk lokacin da ka taɓa wani maɓalli. Ainihin duniyar tana cikin wata babbar kwamfuta mai nisa, wadda ake kira uwar garke. A wajen makiyaya, uwar garke ita ce saniyar da sauran shanu suke bi. Haka wannan kwamfuta take: duk wayoyi da kwamfutocin ’yan wasa ita suke bi. Tana riƙe da wani babban kundi, inda take rubuta wurin da kowa yake tsaye, da abin da ke cikin jakarsa, da kuɗin da ya tara, da wanda ya fara harbi. Idan wayarka ta ce ka tsira, uwar garke ta ce harsashi ya same ka, maganarta ce za a bi. Don haka duk inda ka ga kundi biyu, to duniya biyu ce, ko da hotunansu sun yi kama kamar an tsaga kara.

Wannan rabuwa ta daɗe. A shekarar 1997 wani kamfani a Amurka mai suna Origin Systems ya fitar da wasan Ultima Online, ɗaya daga cikin wasannin farko da dubban mutane suka shiga tare. Masu wasan sun san kwamfuta ɗaya ba za ta ɗauki kowa ba, sai suka yi kwafin duniyar da yawa. Domin kada abin ya zama bambaraƙwai, suka ƙulla masa labari. Suka ce wani mugun boka mai suna Mondain ya tsare duniya a cikin wani dutse mai daraja. Da aka fasa dutsen, sai kowane gutsure ya fita da cikakken hoton duniyar a cikinsa. Labarin dabara ce kawai ta rufe gazawar na’ura, amma ya karɓu sosai. Har yau masana kwamfuta suna amfani da kalmar Turanci mai ma’anar gutsure idan suna maganar raba babban kundi gida-gida.

Dalili biyu na rabuwa

Dalili na farko yawan jama’a ne, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ka ɗauka mutum 100 suna fili ɗaya a cikin wasa. Duk wanda ya motsa, dole a sanar da sauran 99. Idan kowa ya motsa sau ɗaya, saƙo 9,900 ke nan. To, ka mai da su mutum 1,000. Saƙonnin ba za su ninka sau goma ba, kusan sau ɗari za su ninka, su kai 999,000. Idan mutanen suka kai 10,000, saƙonnin sun doshi miliyan 100. Ka tuna kuma ba sau ɗaya ake aika su ba, sau da yawa ake aikawa a cikin kowane sakan. Wannan ne ya sa wasan Free Fire yakan tara mutum 50 a zagaye ɗaya, Fortnite kuma 100.

Za ka iya cewa ka ji labarin taron miliyoyin mutane a cikin wasa. Gaskiya ne. A watan Afrilu na 2020 mawaƙin nan na Amurka, Travis Scott, ya yi wasa a cikin Fortnite, kuma kamfanin Epic Games ya ce mutum fiye da miliyan 12 ne suka kalla a lokaci ɗaya. Sai dai ba a fili ɗaya suka tsaya ba. An rarraba su cikin dubban ƙananan kwafi, kowane ɗan kallo yana ganin ’yan mutane kaɗan a kewayensa, ana nuna wa kowane rukuni abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ya fi kama da mutanen da ke kallon wasan ƙwallo ɗaya a gidajen kallo dabam-dabam.

Akwai wasan da ya ƙi bin wannan hanya, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Sunansa EVE Online, wanda kamfanin CCP na ƙasar Aisilan ya ƙirƙira, ya fito a 2003. Wasa ne na jiragen sararin samaniya, inda ake fatauci da haƙar ma’adinai da yaƙi a tsakanin taurari fiye da 7,000. Kusan duk ’yan wasansa na duniya suna cikin duniya ɗaya mai suna Tranquility. Dabarar ita ce an raba taurarin ga kwamfutoci masu yawa, amma kundin ɗaya ne. Idan jirginka ya tashi daga wani tauraro zuwa wani, sai wata kwamfuta ta miƙa ka ga wata. Muddin jama’a suna warwatse, komai yana tafiya lami lafiya.

Matsalar tana zuwa ne ranar yaƙi, lokacin da dubbai suka yi dafifi a wuri ɗaya. A watan Oktoba na 2020 an gwabza wani yaƙi a wasan, inda mutum 6,557 suka kasance a fage ɗaya a lokaci ɗaya, har kundin bajinta na Guinness ya rubuta shi. Yaya kwamfuta ta jure? Ta jure ne ta hanyar rage gudun lokaci. Tun 2012 kamfanin ya shigo da wani tsari: idan aiki ya yi wa kwamfuta yawa, sai agogon wannan yanki ya rage tafiya, har ya iya komawa kashi ɗaya cikin goma. Abin da ya kamata ya ɗauki sakan ɗaya sai ya ɗauki sakan goma. Ɗan wasa yakan ba da umarnin harbi, ya zauna yana jira. Masu son wasan sun yarda da haka, domin wasa ne na shiri da dabara. Amma ka yi tunanin wasan ƙwallon ƙafa ko na tsere da aka rage wa gudu sau goma. Ba wanda zai zauna.

Dalili na biyu nisa ne, kuma wannan ya fi na farko taurin kai, domin ba a sayen maganinsa da kuɗi. Saƙon intanet yana tafiya a matsayin haske a cikin siririyar igiyar gilashi. A cikin irin wannan igiya haske yana cin kimanin kilomita 200,000 a sakan ɗaya. Gudu ne mai ban mamaki, amma yana da iyaka. Daga Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000 ne idan an miƙe. Zuwa da dawowa 10,000 ke nan, wato kashi ɗaya cikin ashirin na sakan. Igiyoyin kuma ba sa miƙewa. Ta ƙarƙashin teku suke bi, suna zagaya gaɓar Afirka ta Yamma. Igiyar Glo-1, wadda ta haɗa Legas da Ingila, tsawonta ya kusa kilomita 10,000, don haka zuwa da dawowa ya kusa kashi ɗaya cikin goma na sakan, tun kafin a lissafa jinkirin na’urorin da ke kan hanya.

Idan kana wasa daga Nijeriya, uwar garke kuma tana Turai, ka san wannan jinkiri a jikinka. Ka ga abokin gaba, ka harba, amma kai ne ka faɗi, domin saƙonsa ya riga naka isa. Da za a zuba duk ’yan wasan duniya a kan uwar garke ɗaya, dole a ajiye ta a wani gari, kuma duk garin da aka zaɓa, an fifita na kusa a kan na nesa. Wasan Albion Online misali ne mai kyau. Ya fara da duniya ɗaya ga kowa, yana alfahari da hakan. A 2023 sai ya buɗe ta biyu a Singafo saboda mutanen Asiya, a 2024 ya buɗe ta uku saboda mutanen Turai. Maimakon haɗewa, rabuwa ya ƙara yi.

Haɗa kwafin wasa ɗaya

Duk da haka, haɗa kwafi biyu na wasa ɗaya abu ne mai yiwuwa, kuma an sha yi. Yawanci ba don marmari ake yi ba, sai don dole. Idan wasa ya tsufa, jama’a sukan ragu, wasu duniyoyin su zama kufai, wato garin da mutanensa suka tashi. Ka shiga kasuwa babu mai saye, ka nemi abokan fita yaƙi babu kowa. Sai kamfani ya zuba kundi biyu ko uku a wuri ɗaya. Wasan Star Wars: The Old Republic ya yi haka a ƙarshen 2017, ya tattara duniyoyinsa suka koma 5.

A ranar irin wannan haɗi ne ake gane cewa duniyar wasa ta wuce hotuna. Abu na farko da ake rigima a kansa suna ne. A kowace duniya mutum ɗaya ne kawai yake iya riƙe wani suna. Idan an haɗa biyu, sai a sami mutum biyu masu suna ɗaya, kowanne ya shekara biyar ko goma ana kiransa da shi. Dole ɗaya ya haƙura ya zaɓi sabo. Wasan World of Warcraft, na kamfanin Blizzard, wanda ya fito a 2004, ya bi wata hanya a 2013. Ya ɗinke duniyoyin da suka yi ƙarancin jama’a ba tare da ya share sunayensu ba, sai ya zama ana liƙa wa mutum sunan duniyarsa ta asali a bayan sunansa. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Hausawa. Sun daɗe suna bambanta masu suna ɗaya da sunan garinsu, kamar yadda kake ji a sunan Malam Aminu Kano.

Bayan suna sai kasuwa. Kowace duniya tana da farashinta. A tsohuwar duniya, inda mutane suka daɗe suna tara zinariyar wasa, kuɗi sun yi yawa, kaya sun yi tsada. A sabuwa kuɗi kaɗan ne, kaya suna da araha. Ranar da aka buɗe ƙofa tsakaninsu, attajiran tsohuwar za su saye kasuwar sabuwar kafin azahar. A wasannin da ake mallakar fili a gina gida kuwa, abin ya fi ciwo, domin fili ɗaya ne a bakin kogi, masu shi kuma biyu. Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a kundi: wace ƙungiya ce ake jin tsoro, wane ne ake girmamawa, wane harshe ake yi a dandali. Wannan ba injiniyan da zai iya haɗa shi.

Wani nau’in haɗin shi ne tsakanin na’urori. A da, mai PlayStation ba ya iya wasa da mai Xbox, ko da wasansu ɗaya. Mutane da yawa sun ɗauka na’urorin ne ba sa jituwa. Sai ga shi a watan Satumba na 2017, saboda wani kuskure a saitin Fortnite, masu na’urorin biyu suka tsinci kansu a fage ɗaya na ɗan lokaci, kafin a rufe. Kuskuren ya tona asiri: ƙofar tana nan, kulle ta aka yi. Kamfanin Sony bai yarda a buɗe ta ga Fortnite ba sai a Satumba na 2018, bayan ’yan wasa sun yi ta ƙorafi. Ka riƙe wannan labari, za mu koma kansa.

Haɗa wasanni dabam-dabam

Yanzu mun zo ga babban mafarkin. A 1992 marubucin Amurka Neal Stephenson ya fitar da littafin ƙagaggen labari mai suna Snow Crash, inda ya siffanta wata duniyar kwamfuta guda ɗaya da kowa yake shiga, ya sa mata suna Metaverse. Kalmar ta sake tashe a watan Oktoba na 2021, lokacin da kamfanin Facebook ya sauya sunansa zuwa Meta. A wancan lokaci an yi ta alkawarin cewa nan gaba kaɗan za ka sayi kaya a wani wasa ka shiga wani da su.

A ganina, a nan ne masu alkawarin suka fi yin gaggawa. Babbar matsalar ba ƙarfin kwamfuta ba ce. Matsalar ma’ana ce. Ka ɗauki ɗan lido ka ɗora shi a kan ramukan dara. Me zai yi a can? A gidansa yana tafiya ne bisa abin da ƙwayar lido ta nuna, a dara kuwa babu ƙwaya. Ko ka kai mai tsaron gida na ƙwallon ƙafa filin ƙwallon kwando. Gwanintarsa ita ce shi kaɗai yake da izinin kama ƙwallo da hannu, ga shi ya zo inda kowa da hannu yake wasa. Darajar kowane abu a cikin wasa daga dokokin wasan take fitowa. Idan ka raba shi da dokokin, hoto kawai ya rage.

Haka takobin wasan kwamfuta yake. A cikin kundi, takobi jerin lambobi ne: ƙarfin sara kaza, nauyi kaza, yana ƙona abokin gaba na sakan kaza. Lambobin suna da amfani ne domin an auna su da jinin dodannin wannan wasa da sulken ’yan wasansa. Idan ka kai takobi mai ƙarfin sara 5,000 wasan da kowa yake da jini 100, ka kashe wasan. Idan kuma aka rage masa ƙarfi ya daidaita da sauran makamai, to ba takobinka ba ne kuma. A wasan tseren mota fa, ina za ka rataye shi? Dole wani ma’aikaci ya zauna ya yanke hukunci a kan kowane kaya na kowane wasa, ya kuma sake zama duk lokacin da ɗaya daga cikin wasannin ya sauya dokokinsa.

Ko hoton ma ba ya ƙaura cikin sauƙi. Jarumin Minecraft, wato mutum-mutumin da ke wakiltar ɗan wasa, an gina shi da ’yan akwatuna masu kusurwa huɗu. Na Call of Duty kuwa an zana shi har da gashin gira. Rigar da aka ɗinka wa ɗaya ba za ta shiga ɗayan ba. A wannan ɓangare dai ana samun ci gaba, domin akwai tsare-tsaren ajiye hoto mai jiki da kamfanoni da yawa suka amince da su, irin su glTF da USD, kuma a 2022 an kafa wani zaure na kamfanoni domin daidaita irin waɗannan ƙa’idoji. Amma daidaita hoto abu ne, daidaita doka wani abu ne dabam.

Ba a zauna haka nan ba tare da gwaji ba. A 2008 kamfanin IBM da kamfanin Linden Lab, mai duniyar Second Life, sun ba da sanarwar cewa sun yi nasarar tsallakar da jarumi daga duniyar gwaji ta Second Life zuwa wata duniya da ke kan manhajar OpenSimulator. Nasara ce ta gaske. Sai dai matafiyin ya isa hannu rabbana, babu jakarsa, babu kayan da ya mallaka. Ka lura kuma duniyoyin biyu kusan ’yan uwan juna ne, domin an gina ta biyun ne ta yi aiki irin na ta farkon. Daga baya masu amfani da OpenSimulator sun ƙirƙiro hanyar ziyartar juna tsakanin duniyoyinsu, kuma tana aiki, amma duk a cikin dangi ɗaya.

Wasannin Pokémon su ne suka fi kowa nisa a wannan fage. Tun 2020 akwai wata ma’ajiya mai suna Pokémon HOME, inda ɗan wasa yake ajiye dabbobin da ya kama a wani wasa, ya fitar da su a wani. Wannan ya yiwu ne domin gida ɗaya ne yake da wasannin duka, dokokinsu kuma kusan ɗaya ne. Duk da haka, ba kowace dabba ce take shiga kowane wasa ba. Idan ba a zana ta a cikin sabon wasan ba, sai ta zauna a ma’ajiya. Wadda ta bar Pokémon GO kuwa ba ta komawa. Minecraft ma iri biyu ne, Java da Bedrock, kuma ko da yake Microsoft ne yake da su duka, ba sa haɗuwa kai tsaye. Wasu masu sa kai ne suka rubuta manhaja mai suna Geyser, wadda take tsayawa a tsakani kamar tafinta. Idan ’yan ɗaki ɗaya sai da tafinta, ina ga bare?

Wane ne zai yarda?

Ka koma ga labarin ƙofar da aka kulle. Yawancin wasannin da kake saukewa kyauta suna samun kuɗinsu ne daga sayar da riguna da makamai da kayan ado na cikin wasa. Idan kamfani ya bari ka shigo da rigar da ka saya a wani wuri, ya yi aikin zana ta da gyara ta, kuɗin kuma wani ya karɓa. Hausawa sun ce, so duka so ne, amma son kai ya fi. Abin da kake gani a Fortnite, inda jaruman Marvel da na Star Wars suke yawo a fili ɗaya, ba haɗewar duniyoyi ba ce. Yarjejeniya aka yi a kan haƙƙin mallaka, sannan ma’aikatan Epic Games suka zana jaruman daga farko, suka ɗora su a kan dokokin Fortnite.

Za ka iya kawo hujja da wayar tarho. Mai layin MTN yana kiran mai layin Glo ko Airtel ba tare da wahala ba, kuma tun 2013 ana iya ƙaura daga wani kamfani zuwa wani da lamba ɗaya a Nijeriya. Me ya sa wasanni ba za su yi haka ba? Bambanci biyu ne. Na farko, murya murya ce a kowane layi, ma’anarta ba ta sauyawa a kan hanya. Na biyu, akwai hukuma, wato NCC, wadda ta wajabta wa kamfanonin haɗa layukansu. Wasanni ba su da irin wannan hukuma a duniya.

Dokokin ƙasashe ma rabawa suke yi. EVE Online, mai alfahari da duniya ɗaya, yana da ta biyu mai suna Serenity domin ƙasar Sin kaɗai, saboda dokokin ƙasar sun buƙaci kamfanin cikin gida ya gudanar da wasan. A 2021 Sin ta taƙaita wa ’yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma’a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A 2018 Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa’a da ake saye da kuɗi a cikin wasanni a matsayin caca. Indiya ta hana PUBG Mobile a 2020, ya dawo a 2021 da sabon suna da duniyarsa ta dabam. Duniya guda ɗaya tilo za ta bi dokar wa?

Abin da zai iya tsallakawa

Idan ka tattara waɗannan misalai, za ka ga abubuwan da suke tsallaka iyaka cikin sauƙi su ne marasa nauyin doka: sunanka, jerin abokanka, hirarku, wani lokaci da kamannin jaruminka. A Roblox, alal misali, jarumi ɗaya kake shiga da shi wasanni masu ɗimbin yawa da mutane dabam-dabam suka ƙirƙira, domin duk a kan manhaja ɗaya aka gina su, kuma kamfani ɗaya ne yake riƙe da kundin. Final Fantasy XIV kuma, tun 2019, yana barin ɗan wasa ya kai ziyara wata duniyar ya dawo gida. Ina ganin irin wannan ne zai yawaita: hanyoyi tsakanin garuruwa, kowane gari da ganuwarsa. Abin da ba na tsammanin za ka gani shi ne ƙarfin makaminka da dukiyarka su bi ka zuwa wasan wani kamfani.

Wannan magana ta shafi aljihunka. Duk lokacin da ka sayi wani abu a cikin wasa, abin da ka samu shi ne layi ɗaya a kundin kamfani, kuma layin yana aiki ne muddin uwar garke tana kunne. A watan Janairu na 2023 yarjejeniya ta ƙare tsakanin Blizzard da kamfanin NetEase, wanda yake gudanar da World of Warcraft a ƙasar Sin, sai aka kashe duniyoyin wasan a can. A Turai da Amurka wasan yana ci gaba, taswira ɗaya, dodanni ɗaya, amma ba a buɗe wa ’yan wasan Sin ƙofar ƙaura da jarumansu zuwa can ba. Abin da aka ba su shi ne damar sauke bayanan jaruman su adana, ko wata rana za a dawo. Wasu sun shafe fiye da shekara goma suna renon jarumi ɗaya. Sun yi jiran kusan shekara ɗaya da rabi kafin kamfanonin biyu su shirya, aka sake kunna duniyoyin a 2024.